Lemon Baffa da Hannun Ƙanensa

Ranar farko ta zaman makokin Baffa ina zaune daga bakin ƙofar tsakar gida, inda nake hango zaure, sai na lura da abin da ya kusa sa ni dariya a wurin da ba a dariya. Duk wanda ya saba da gidan, da ya yi sallama ya sako ƙafa, sai ka ga hannunsa ya tashi zuwa ƙirji, ya ɗan kauce da kai, yana jiran a jefo masa wani abu. Sai ya dubi kusurwar da Baffa yake zama, ya ga ba kowa sai tabarma a naɗe da kwando a kife. Sannan ya sauke hannun a hankali ya shafa gaban rigarsa, wai dama abin da ya yi niyya ke nan.

Maza sun yi, mata sun yi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta shigo tana dogara sanda, tun daga ƙofa ta kare fuska ta ce, "Kai dai ba ka girma!" da mamacin take, kafin ta tuna abin da ya kawo ta. Ta tsaya a tsakiyar zauren, ta toshe baki da mayafi, ta fashe da kuka, sai da aka kamo ta aka zaunar. Limamin unguwa kuwa, wanda ya sha yin sa-in-sa da Baffa a kan wannan ɗabi'a, ya ce wa mazan da ke zaune a waje, "Yau na shiga gidan nan na fito rawanina bai karkace ba, kuma wallahi ban ji daɗi ba."

Ga wanda bai san shi ba, Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka a cikinsu ba mai kama sunana, "Uwata" suke ce mini ko da faɗa za su yi mini. Ya rasu yana da shekara tamanin da 'yan kai. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, yaran da ke tasowa a Rafin Guza za su ji ana cewa "tsohon nan mai jifa da lemo", su ɗauka wani taɓaɓɓe aka taɓa yi a unguwar. Ba taɓaɓɓe ba ne. Taurin kai dai yana da shi, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa, amma jifan nan nasa yana da dalili, kuma ina so a san dalilin.

Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina suka zo Kaduna suna samari, shi da Baba. Baba ya bi mota har ya zama direba. Baffa ya faɗa kasuwar kayan marmari, wajen masu sauke kankana. In ba ka taɓa ganin ana sauke kankana ba, to ba a kai ake ɗaukarta ba. Jeruwa ake yi. Ɗaya yana saman mota yana jefowa, na ƙasa ya cafe ya wurga wa na gaba, shi ma ya wurga, har ta isa wurin mai jerawa. Ba magana, ba jira. Kafin ka saki wannan, wata tana cikin iska ta nufo ka. Ka yi ƙiftawar da ba ta dace ba ta fashe a ƙafarka jajur, 'yan kallo su yi ta shewa, mai kaya ya yi ta masifa.

A wannan layin Baffa ya ƙare ƙuruciyarsa, har ya zama shi ke tsara wanda zai tsaya ina. A nan ya koyi abin da ya yi ta maimaita mana har muka haddace.

"Ba ƙarfi ke fara tafiya ba, Uwata," in ji shi. "Mutum na nan da damtsensa, ka ba shi buhu ya ɗaga. Ido ma yana gani sarai. Amma tsakanin ido ya gani da hannu ya tashi akwai 'yar tazara. In tazarar nan ta fara faɗi, to akwai magana a cikin jikin nan, ko mai jikin bai ji ba."

Shi yake kiran abin "hannu ya fara makara". Ya ce ya gani a abokan aikinsa har ya gaji da gani. Wanda hannunsa ya fara makara, ko ba ya kukan komai, ba a daɗewa sai ka ji ya yanke jiki ya faɗi a gida, ko ɓarin jiki ya shanye, ko ya kwanta kwanciyar da ba tashi. Waɗanda hannunsu ya tsaya da sauri kuwa, da su ya tsufa, da su yake zuwa sunan jikoki. Bai taɓa korar mai makararren hannu daga aiki ba. Yakan cire shi daga layin jifa ya mai da shi wurin jerawa, inda ake aiki a tsanake, sannan ya ishe shi da naci sai ya je asibiti. Wani dattijo da ya zo gaisuwa daga Kinkinau ya ce mana kusan jan sa Baffa ya yi zuwa asibiti, aka tarar jininsa ya hau ba kaɗan ba. Yana faɗa yana share hawaye da hula, ya ce har yau yana shan maganin.

Da ya bar kasuwa sai ya kwaso aikin ya kawo gida. Tsofaffin yaransa ba sa barin kwandonsa ya bushe, kullum akwai lemo. Ya zauna a zaure, kwando a gefen dama. Ka yi sallama, yana amsawa lemo yana tahowa. Ba gargaɗi. Bai ware kowa ba: surukai, malamai, mai tallan magani, matar da ta zo aron turmi. Ranar da wanda na aura ya fara zuwa gaisuwa, bawan Allah ya durƙusa yana sunkuyar da kai don kunya, sai ga lemo. Ko yaya aka yi ya cafe da hannu biyu, gumi na keto masa. Baffa ya dubi Baba ya ce, "A ba shi." Bincikensa ke nan gaba ɗaya. Da daga baya na yi masa ƙorafi, cewa ya yi, "To ba ga shi kuna zaune lafiya ba?"

Liman ya taɓa samun sa har zaure a kan maganar. Ya ce, "Alhaji, ajali na hannun Allah. Abin nan naka ya fara kama da duba, mutane suna fita daga gidanka da fargaba."

Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban san ranar kowa ba, ko tawa ban sani ba. Amma in na ga bangon maƙwabci ya tsage na ce mashi ya gyara kafin damina, duba na yi?"

Liman yana shirin ba shi amsa, lemo ya daki rawaninsa.

Kuma ba kullum maganarsa take faɗawa daidai ba, kada a ce ina gyara shi don ya mutu. Akwai maƙwabcinsa mai wankin hula, wanda tunda aka fara jifan nan bai taɓa cafe ko ɗaya ba. Sai lemon ya faɗi ya gama gangarawa sannan ya ce, "Af!" Ya girmi Baffa, kuma ga shi nan da ransa, shi ya fi kowa cin shinkafar sadaka. A wurin makokin yana ba da labari yana kuka yana dariya: "Na ce mashi, to ni fa, da ban taɓa kamawa ba ga ni garau? Ya ce kai tun haihuwa a makare kake, ba a lissafi da kai." Abin da Baffa yake dubawa shi ne canji, wato hannun da ya san shi da sauri ya wayi gari ya yi nauyi.

Wata rana na ji wani likita a rediyo yana cewa masana ma sun lura da irin wannan, cewa masu jinkirin mai da martani idan abu ya taso musu sun fi saurin mutuwa a kan masu hanzari, ko da yake ba hukunci ba ne a kan kowane mutum. Na taho da gudu in faranta masa. Ya saurara har na gama, ya ce, "To su da me suke jifa?" Na ce ba jifa suke yi ba, fitila ce take kamawa mutum ya danna maɓalli. Ya taɓe baki. "Asara. Wanda ya danna maɓalli, me zai sha bayan nan?"

Duk wannan wasa ne a wurinmu, har ranar da ya zo kan Baba.

Baba direban motar haya ne, Kaduna zuwa Kano, a Kawo yake lodi. A lokacin ya doshi saba'in. Ba don abinci yake yi ba, mu 'ya'yansa mun isa mu riƙe shi, kuma mun sha faɗa masa. Hanyar ce yake so. Mutum ne da in ya kwana biyu bai ji ƙarar inji ba sai ya fara neman faɗa da kaji. Taƙamarsa a duniya ɗaya ce, tunda ya kama sitiyari ko kaza bai taɓa takawa ba. Shi ya koya mini tuƙi, da tsawa da komai.

Wata Babbar Sallah ce. Gidan Baffa ya cika, ana ta suyar nama, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Baba ya shigo cikin babbar riga fara, ya yi sallama, lemo ya taso. Tun ina ƙarama nake ganin wannan wasa tsakaninsu. Baba ko kallo ba ya yi, hannun hagu yake miƙawa ya cafe yana ci gaba da gaisawa da mutane. Ran nan lemon ya daki ƙirjinsa, ya faɗi, ya shige ƙarƙashin benci, sannan hannun ya taso ya kama iska.

Aka yi dariya. Baba ma ya yi, ya ce rigar ce ta riƙe shi. Baffa bai yi dariya ba. Ya bari aka ci nama, aka yi la'asar, Baba ya tuɓe babbar rigar ya rataye, yana tsaye yana sakace haƙori. Baffa ya sake jefawa. Haka aka sake yi, lemo a ƙasa, hannu a baya.

"Ka ajiye tuƙi," in ji Baffa.

A gaban surukai, a gaban 'ya'ya da jikoki. Nan ne nake jin haushin Baffa har gobe. Da ya ja shi ɗaki su biyu, wataƙila da labarin ya sha bamban. Amma Baffa bai iya ɓoye magana ba, yadda take zuwa masa haka yake wurgo ta.

Baba ya cire tsinken daga baki. "Yaya, me ka ce?"

"Na ce ka ajiye. Hannunka ya fara makara. Kai kuma ba kankana kake ɗauka ba, mutane kake ɗauka."

"Saboda lemo? Tun kafin a haifi yaran nan nake kan hanya. Yau ranar Sallah ka rasa abin da za ka yi mani sai fatan mutuwa?"

"Da fatan mutuwa nake maka, da shiru na yi."

Baba ya ɗauki rigarsa a hannu ya fita, ko naman da aka ƙulle masa bai karɓa ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Bayan Sallah Baffa ya hau tsohon kekensa, wanda yake zuwa ko'ina da shi, ya tafi har tasha ya sami shugaban direbobi, ya ce a daina ba ƙanensa lodi. Mutumin ya ba shi haƙuri, ya ce wanda ba a taɓa kawo ƙararsa ba, da wane baki zai hana shi aiki? Amma magana ta riga ta fita. Samarin direbobi suka samu abin yi. Baba yana zaune sai wani ya wurgo masa ledar ruwa ya ce, "Alhaji, cafe!" a kwashe da dariya. Mutumin da suke durƙusa wa jiya. Wannan ne ya ci masa rai fiye da abin da aka yi ranar Sallah.

Baba yana da tsoron Allah, ya san ba a gaba da ɗan'uwa. Sai ya ɓullo da wata dabara da ni dai ban taɓa ganin irinta ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci zai zo ƙofar gidan Baffa, ya tsaya daga waje, hannu biyu zube cikin aljihu. "Salamu alaikum. Yaya, an wuni lafiya? Ya iyali? To madalla." Ya juya. Ya sauke farali, kuma ba a gwada shi ba. Baffa yana zaune hannunsa cikin kwando, yana juya lemo ɗaya, ba ya jefawa. Na taɓa tambayarsa me ya hana. Ya ce, "Wa zai jefi mutumin da ya ɓoye hannu? Ai sai ya zama duka."

Sai suka mai da ni 'yar aike. Ina koyarwa a wata firamare kusa da gidan Baffa, in an tashi nakan biya. Ya ce, "Uwata, ke ce uwarmu. In uwarsa ta yi mashi magana zai ji." Na je na sami Baba yana wanke mota, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa. Ya matse tsumma ya dube ni. "Ni na koya maki riƙe sitiyari. Yau ke za ki karɓe nawa?" Na ce ko asibiti ne ya je a duba shi. Ya ce ba inda ke masa ciwo, mai lafiya me zai je yi asibiti, gaisuwa? Na dawo na faɗa wa Baffa. Ya ce in koma. Na ce wallahi ba inda za ni, ku biyun nan kun ishe ni, uwar taku ta gaskiya ma ban san yadda ta yi da ku ba.

Amma tsoro ya riga ya shige ni. Duk lokacin da na ga an turo hoton hatsari a hanyar Zariya, sai na ƙura ido ina neman launin motar kafin in iya numfashi. Baffa kuwa ya fi ni. Da la'asar ta yi sai ya kasa zama wuri ɗaya, ya gyara tabarma, ya leƙa waje, ya dawo. "Uwata, kira gidanku ki ji ko ya shigo." In na ce bai shigo ba, ya ce hanya ce, akwai cunkoso. Can an jima, "Sake kira." Ranar da ban biya ba, matarsa, wadda muke kira Inna, ita yake sawa. Inna ta ce ba ya sa loma a baki sai an ce masa ƙanensa ya ajiye mota. In an faɗa masa ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ƙara da "mai taurin kan banza," sannan ya jawo kwano. Haka aka yi ta yi, damina ta wuce, wata ta zo. Baba bai san ana wannan jira ba, don Baffa ya hana a faɗa masa.

Ashe shi ma mai gwada mutane akwai mai gwada shi. Wannan ba mu sani ba sai da Inna ta ba mu labari. Tun suna amarya da ango, kowace safiya in zai fita, ba ta miƙa masa hula, daga bakin ɗaki take wurgo masa ya cafe ya ɗora. Shi ya roƙe ta haka, ya ce kada ta taɓa fasawa. Wata safiya ta wurgo, hular ta wuce ta gefen kunnensa ta faɗi bayan randa. Ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "Sake." Ta ɗauko ta sake. Ta sake faɗuwa. Inna ta ce ita ce ta fara kame-kame, wai hannunta ne ya karkace, wai bai shirya ba. Ya ce, "Bari, kada ki yi mani abin da ƙanena ya yi." Ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya fita zaure ya turo kekensa ciki, ya jingine shi bayan ɗaki. Ya ce a kira ni in kai shi asibiti.

A hanya yana gaban mota, yana kallon titi kamar baƙo. Muna gab da isa ya ce, "Ki faɗa ma ƙanena na ajiye kekena. Ni da ba na ɗaukar kowa sai kaina."

Likita ya ce zuciya ce, ta gaji, aka ba shi gado. Na kai wa Baba saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ya kau da kai. Amma washegari da hantsi sai ga shi a asibiti. Ya tsaya daga ƙofar ɗakin, hannu cikin aljihu kamar kullum. Baffa ya buɗe ido ya gan shi, ya yi murmushi da ƙyar.

"Shigo, ka saki jikinka. Yau ba ni da abin jifa."

Baba ya yi 'yar dariya. Ya shigo ya zauna a bakin gado, ya fito da hannun, Baffa ya kama ya riƙe. Suka yi hirar ƙauyensu, wata rijiya da suka taɓa faɗawa, wani jaki da ya yar da su biyun a gaban 'yan mata. Ni ina gefe ina ta addu'a a zuci kada a tayar da maganar. Ina! Baffa ne fa. Baba yana miƙewa zai tafi, Baffa ya ƙi sakin hannun.

"Maganata tana nan."

Baba ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai amsa. Sai ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Yaya," ya zare hannunsa a hankali ya fita.

Kashegari ya yi lodin Kano da sassafe. Baffa ya cika kafin azahar, Inna tana gefensa tana laƙƙana masa kalmar shahada. An kira Baba, ya juyo, amma gawa ba ta jira. Ya iso Rafin Guza mutane suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Bai yi kuka ba. Ya zauna cikin maza yana karɓar gaisuwa, "Allah ya jiƙansa," "Amin, na gode," baki kawai ke motsi. Ni na yi kukan har da nasa. Kewar Baffa ta kama ni tun a ranar, kuma har yanzu in la'asar ta yi sai in ji kamar akwai wanda ke jiran in kira gida.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa, wani abokin aikin Baba ya tambaye shi yaushe zai dawo tasha. Ina jin su ta taga. Ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu. Zaman ya isa haka." Wanda yake iya faɗa masa gaskiya ido da ido yana ƙarƙashin ƙasa, saura mu da ba ma iya haɗa ido da shi.

Da yamma na ce ya zo in sauke shi gida a Kurmin Mashi, tunda motarsa tana tasha. Baba bai taɓa yarda in tuƙa shi ba, ko motata ce sai ya karɓi makulli. Ran nan ma ƙofar direba ya nufa, ya tarar na riga na zauna. Ya tsaya kamar zai yi magana, gajiya ta hana shi, ya zagaya ya shiga gaba. Amma bakinsa bai gaji ba. "Canza giya." "Kin matse wancan." "Wa ya koya maki shan kwana haka?" Na ce kai ne, Baba. Ya ce ƙarya nake yi.

Muna cikin unguwa, ba gudu nake yi ba, sai wani mai tura kurar ruwa ya faɗo titi daga lungu, jarkoki cike, gangara ta kwashe shi ya kasa tsayar da ita. Na taka birki. Taya ta yi ƙara, motar ta tsaya cak, kurar ta gifta ta gaban hancinmu ta wuce. Mota ta riga ta tsaya, har jikina ya dawo ya jingina da kujera, sannan na ji tim a gefena. Ƙafar Baba ce ta daki ƙasan mota, wurin da birki yake a tasa motar.

Mai kurar yana ɗaga mana hannu yana ba da haƙuri, ba mu ko kalle shi ba. Baba ya sunkuya yana kallon ƙafarsa, ya daɗe yana kallo.

"Uwata, kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Sai da kika tsaya."

"E, Baba."

Ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Juya. Juya ki kai ni wajen Yaya in faɗa mashi."

Wallahi har na kunna sigina, har na fara karya kan motar, sannan muka tuna, ni da shi a lokaci ɗaya. Muka tsaya a karkace a tsakiyar titi, na baya suna ta danna mana hon. A nan Baba ya kifa fuskarsa a tafin hannu ya yi kukan da bai yi ba tun ranar rasuwar.

Washegari bai je tasha ba, kuma bai sake zuwa ba. Da ƙafarsa ya tafi asibiti aka duba shi, aka ɗora shi a kan magani. Yanzu yana gida yana neman faɗa da kowa, muna godiya ga Allah da faɗan.

Allah ka yalwata wa Baffa makwancinsa, ka yafe masa abin da ya yi da gangan da wanda bai sani ba, ka saka masa da alheri a kan kowane rai da ya yi wa naci. Baffa, ni aka saba aikowa tsakaninku, to ga saƙon ƙarshe na kawo. Ƙanenka ya ajiye. Ya shigo gida lafiya, sai ka huta.